Potiskum: Tarihin Sana'o'i Da Masana'antun Garin Da Hanyar Mota Ta Raya

Potiskum, ko Pataskum kamar yadda da yawa daga mutanen garin ke kiran ta, ita ce babbar cibiyar kasuwanci ta Jihar Yobe, ko da yake Damaturu ce fadar gwamnati. Tana yammacin jihar, kimanin kilomita 100 daga Damaturu, a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano zuwa Maiduguri. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar tana da mutum sama da 200,000.

Duk inda aka ambaci garin a Najeriya, kasuwar shanu da tireloli ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Tarihin sarautunsa kuwa an rubuta shi, an yi muhawara a kansa. Amma tarihin yadda mutanen garin suka nemi abinci, wato labarin marina da majema, da 'yan baranda da dillalai, da direbobi da ma'aikatan kamfani, mafi yawansa yana bakin dattawan da suka yi aikin da hannunsu. Wannan bayani ya tattaro abin da aka tabbatar na wannan tarihi, da wuraren da ake samun sa, da kuma yadda al'umma za ta adana sauran.

Gari da masarautunsa

Yankin Potiskum mahaɗa ce ta al'ummu da dama: Ngizim da Karai-Karai da Bolawa da Ngamo, sai Fulani da Hausawa da Barebari, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa. Masarautu biyu ke da fada a cikin garin. Tarihin Masarautar Potiskum ta Ngizim yana komawa ga Mai Bauya a farkon ƙarni na 19. Turawan mulkin mallaka sun haɗe ƙasar da Masarautar Fika ta Bolawa, sannan a 1924 aka dawo da hedikwatar Fika zuwa Potiskum, wadda ke bakin babbar hanya. A 1993 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya ƙara yawan masarautun jihar, ciki har da ta Potiskum. Mulkin soja ya soke matakin, shi kuma ya sake tabbatar da shi a 2000 bayan ya dawo mulki.

A tsarin mulki, garin ya zauna cikin Lardin Borno, ya shiga Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, ya koma Jihar Borno a 1976, sannan Jihar Yobe da aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta, 1991. Wannan jerin yana da amfani ga mai bincike, domin kowane sauyi ya kai takardun da suka shafi garin wani ofishi daban: wasu Kaduna, wasu Maiduguri, wasu Damaturu.

Sana'o'in hannu kafin zuwan inji

Tun kafin a ji ƙarar inji, yammacin ƙasar Borno yana da masana'antunsa, irin waɗanda aka sani a duk ƙasar Hausa. Auduga takan bi ta hannu da yawa kafin ta zama riga. Mata su gurza ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa ƙyalle mai ɗan faɗi, maɗinka su harhaɗa, marina su tsoma a karofi cikin ruwan baba da toka, daga nan a kai mabuga a buga har ta yi sheƙi. Majema suna jeme fatar akuya da ta tumaki da 'ya'yan bagaruwa, dukawa su mayar da ita takalma da jakunkuna da kayan doki. Maƙera suna narka tama, su ƙera fartanya da garma da lauje da gatari, waɗanda noman ƙasar gaba ɗaya ya dogara a kansu.

Akwai kuma masana'antar cikin gida wadda ba a cika lissafawa ba: matan da ke matse man gyaɗa su soya ƙuli-ƙuli, da masu daddawa, da masu ginin tukwane. Fatake kuwa suna ratsa yankin da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da gishirin mangul daga ƙasar Manga a arewa, su dawo da goro da tufafi. Atamfar kanti da kayan ƙarfe na ƙasashen waje sun rage wa waɗannan sana'o'i kasuwa a ƙarni na 20. Wasu sun ɓace, wasu sun sauya kama, kamar yadda ɗan maƙeri ya koma mai walda.

Zamanin gyaɗa, da jirgin da ya kauce wa garin

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya bunƙasa har ya zama ƙashin bayan tattalin arzikin Arewa. Kamfanoni irin su UAC da John Holt, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, suka baza wakilai da 'yan baranda da sikeli a kasuwannin lardi-lardi suna sayen gyaɗa da auduga da fatu da ƙaro. Ƙarshen tafiyar kayan shi ne bakin teku, a tashar Apapa ta Legas ko ta Fatakwal, inda ake loda su zuwa Turai. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 kuma Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa ta karɓi aikin, ita ke yanke farashi, ita ke ba wakilan saye lasisi.

Abin da ya tsara makomar Potiskum a wannan zamani shi ne inda aka shimfiɗa dogo. A 1930 layin Kano ya ƙare a Nguru, can arewa. Daga 1958 zuwa 1964 aka gina layin Borno, da taimakon rancen farko da Bankin Duniya ya ba Najeriya, na dala miliyan 28. Layin ya taso daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe da Buni ya shiga Maiduguri. Wato dogo ɗaya ya wuce ta arewa, ɗaya ta kudu, Potiskum tana tsakiya ba ko ɗaya. Nguru ta samu tasha, ta samu kamfanin matse mai da cinikin busasshen nama zuwa Kudu. Potiskum kuwa sai ta riƙe hanyar mota.

A lokacin, wannan ya yi kama da rashi. Daga baya ya zama riba. Garin yana mararraba: hanyar Kano ta Azare, hanyar Jos ta Bauchi da Darazo, hanyar Gombe ta Fika, hanyar Gashuwa a arewa, da hanyar Damaturu da Maiduguri a gabas. Da harkar jiragen ƙasa ta fara durƙushewa, kaya suka koma kan kwalta, garuruwan tasha suka ja baya, garin mararraba ya ci gaba. Gyaɗar kanta ba ta daɗe ba bayan haka. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 sun karya nomanta, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, a 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya.

Kara da tasha

Kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Dabbobi suna zuwa daga sassan Yobe da Borno da maƙwabtan jihohi, da kuma Nijar da Chadi da Kamaru, a sayar a loda zuwa biranen Kudu. A da, a ƙasa ake kora shanu ta burtali, ko dai zuwa tashar jirgi ko kuma har Kudun, tafiyar makonni, dabba tana ramewa, tsando yana jiran ta a dazuzzukan tsakiyar ƙasa. Babbar mota ta mayar da tafiyar ta 'yan kwanaki. A gefen kara akwai babbar kasuwar hatsi, inda gero da dawa da wake da riɗi ke bin hanya ɗaya da shanun.

Tsarin cinikin yana da muhimmanci ga mai neman tarihi. Baƙo yana sauka wurin maigidansa, dillali ya shiga tsakani ya karɓi la'ada, sau da yawa a ɗauki dabba bashi a biya bayan an sayar. Masanin zamantakewa Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda Hausawa suka riƙe wannan ciniki na kuɗi masu yawa da amana da sanin juna, ba da takardar yarjejeniya ba. Sana'ar da ke tafiya da baki ba ta barin fayil a ofis. Idan dillali ya rasu ba a tambaye shi ba, lissafin shekara arba'in ya tafi da shi.

A kewayen kara da tasha ne masana'antar garin ta yau ta tsiro: kanikawa, masu walda da gyaran bodin mota, masu faci, masu sayar da kayan gyara, 'yan dako, 'yan kamasho da masu abinci. Da yawa sun koyi aikin ne a gareji a hannun maigida, shekara da shekaru, ba a aji ba. Aikin raba hanyar Kano zuwa Maiduguri gida biyu, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006, da filin ajiye tireloli da sabuwar kasuwa da gwamnatin jihar ta gina a garin, duk sun biyo bayan wannan matsayi ne.

Kasuwar ta sha jarrabawa. Annobar ciwon bushiya ta 1983 ta halaka shanu masu ɗimbin yawa a Arewa. A daren Laraba, 2 ga Mayu, 2012, 'yan bindiga suka kai wa kasuwar hari suka cinna mata wuta, mutum fiye da 30 suka rasu, dabbobi da dama suka ƙone. Shekarun rikicin Boko Haram sun kawo dokar hana fita da shingayen bincike da ƙaurar 'yan kasuwa. Yadda kasuwar ta farfaɗo bayan haka babi ne na tarihi wanda shaidunsa suna raye.

Kamfanonin gwamnati

A ɓangaren masana'antun zamani, biyu ne aka fi sani a garin, dukansu mallakar gwamnatin jiha: kamfanin fulawa da abincin dabbobi na Yobe, da kamfanin Sahel Aluminium mai yin kwanon rufi. Sun yi shekaru suna tafiyar hawainiya ko a rufe, kafin gwamnatin Mai Mala Buni, wadda ta hau mulki a 2019, ta sanar da aikin farfaɗo da su. A ƙasar Fika kuma ana haƙar farin dutsen jifsam, wanda kamfanonin siminti ke buƙata, kuma kamfanin Ashaka da ke Jihar Gombe bai da nisa da yankin.

Matsalolin da suka dami irin waɗannan kamfanoni na ƙasa ne baki ɗaya. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara da ɗanyen kaya na waje suka yi tsada. Hana shigo da alkama daga 1987 zuwa 1992 ya bar injinan fulawa da yawa ba abin niƙa. Ƙarancin lantarki ya tilasta dogaro da janareta da man dizal. Iskar da ta rufe masaƙar KTL ta Kaduna a 2002, bayan ta yi aiki tun 1957, ita ce ta kaɗa ƙananan kamfanonin jihohi. Abin da ya keɓanta ga kowane kamfani, wato mutum nawa ya ɗauka, me ya sarrafa, ina ya sayar, yana cikin rajistar ma'aikata da takardun albashi da kuma ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi aikin.

Inda rubutaccen tarihin yake

Mai neman takardu zai fara da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, inda fayilolin Lardin Borno da na sakatariyar Lardunan Arewa suke. A cikinsu akwai rahotannin shekara-shekara da rahotannin kimanta haraji, waɗanda jami'an mulkin mallaka suka riƙa lissafa masu sana'a da dabbobi da kasuwanni gunduma-gunduma. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da takardun gwamnatin Jihar Arewa. Sai kundayen digiri a sassan tarihi na jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri da Damaturu, da tsofaffin kofen jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939.

A cikin littattafai akwai kundin bayanan Lardin Borno na H. R. Palmer na 1929, da nazarin C. K. Meek na 1931 kan al'ummun Arewa, da littafin Hogben da Kirk-Greene na 1966 kan masarautun Arewa. Ana karanta su da lura. Marubutansu jami'an mulki ne, ta bakin tafinta suka ji yawancin abin da suka rubuta, kuma sarauta da haraji ne suka fi damun su. Macen da ke kaɗi a ɗaki da yaron mota ba su cika samun shiga ba.

Misalai biyu daga yankin

Yankin Potiskum ya riga ya nuna abin da ke faruwa idan mutanen gari da masana suka haɗa hannu. Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya zauna a Potiskum a 1969 zuwa 1970 yana nazarin harshen Ngizim, ya wallafa ƙamusunsa a 1981. Daga farkon shekarun 2000, shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya ƙunshi Bolanci da Ngizim da Karai-Karai da Ngamo da Bade. Masu harsunan ne suka tattaro kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana, sunayensu ne a bangon littattafan, kuma a Potiskum aka buga ƙamusoshin, da fassarar Hausa da Turanci, a 2004 da 2009. Schuh ya rasu a 2016, amma aikin ya zauna a hannun masu shi. Ƙamus ma kansa taskar tarihin sana'a ce, domin sunan kowane kayan aiki da ya shiga ciki ya tsira.

Misali na biyu shi ne kwalekwalen Dufuna. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke Ƙaramar Hukumar Fune, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da katako a ƙarƙashin ƙasa. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, aka kai labari ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi. Tsawonsa ya haura mita takwas, gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a Afirka. Yanzu yana Damaturu. Shaida mafi tsufa ta sana'ar hannu a jihar, ta hannun mutumin karkara ta fito.

A wasu ƙasashe ma haka aka yi. A Birtaniya, Raphael Samuel ya fara tarukan tarihi a Kwalejin Ruskin a 1967, inda ma'aikata ke rubuta tarihin ayyukansu. A Suwidin, littafin Sven Lindqvist na 1978 ya zaburar da ƙungiyoyin ma'aikata suka shiga binciken tarihin kamfanonin da suka yi wa aiki.

Yadda al'umma za ta tattara nata

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya da hoto. Abin da ake buƙata shi ne tsari.

Na farko, a fara da mafi tsufa: tsofaffin direbobi da dillalai, marina da maƙera, matan da suka yi kaɗi da man gyaɗa, da ma'aikatan kamfanonin da suka yi ritaya. A nemi izinin mutum kafin a ɗauki muryarsa, a rubuta sunansa da ranar hira da wurin da aka yi ta, a bar shi ya yi magana da harshen da ya fi sakewa da shi. Hira da mata ta fi kyau a hannun mata.

Na biyu, a ɗaure labari da shekara. Dattijo ba lalle ya tuna lamba ba, amma zai tuna ko abu ya faru kafin canjin hannun tuƙi na 1972, ko bayan canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, ko a shekarar bushiya. A kuma ji labari ɗaya daga baki biyu ko uku, sannan a gwada shi da takarda in akwai.

Na uku, a duba adaka da akwati. Rasiɗin jangali, lasisin tuƙi, katin ƙungiyar direbobi, wasiƙar ajami tsakanin maigida da wakilinsa a Kudu, takardar sallama daga aiki, hoton da aka ɗauka a gaban sabuwar mota, duk hujjoji ne. A ɗauki hotonsu a mayar wa mai su. Tsofaffin masu ɗaukar hoto da masu rubutun jikin mota su ma suna da abin nunawa. Sunayen unguwanni da wuraren da karofi ko majema ko rumbun gyaɗa suka taɓa zama, a rubuta su kafin gini ya rufe su.

Na huɗu, kada a ajiye kofe ɗaya. Gara da ɗigar ruwa da gobara da lalacewar waya sun cinye takardu da muryoyi da yawa. A raba kofe tsakanin fadojin masarautu, da ɗakin karatu na Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin, da Jami'ar Jihar Yobe. Wanda ya buga littafi ya kai wa Ɗakin Karatu na Ƙasa kofen da doka ta tanada. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumomin gwamnati, Ɗakin Karatu na Birtaniya kuma yana da shirin tallafa wa ɗaukar hoton takardun da ke cikin haɗarin lalacewa, wanda ya riga ya yi ayyuka a Arewacin Najeriya.

Amfanin aikin

Tarihin sana'a yana da amfani na zahiri. Gwamnatin da ke zuba kuɗi don tayar da kamfani tana buƙatar sanin abin da ya kayar da shi a karon farko, kuma tsohon ma'aikacin injin yana da amsar da ba ta cikin rahoto. Ɗalibin da ke koyon walda ko kanikanci yana da haƙƙin sanin cewa sana'arsa tana da asali a garinsu.

Akwai kuma amfanin zamantakewa. Tarihin sarauta yakan raba mutane gida-gida, kowa da nasa jerin sarakuna. A kara da tasha da gareji kuwa, Ngizim da Bolawa da Karai-Karai da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari da 'yan Kudu tare suka yi ciniki, tare suka yi asara a 2012, tare suka sake ɗaura rumfuna. Wanda ya fara tuƙi ko dillanci yana saurayi a shekarar samun 'yancin kai, yau ya haura shekara tamanin. Irinsu ne ya kamata a fara yi wa sallama.